Shafin da Ya Ƙi Shiga Waya

Duk wanda ya taɓa zama a layin nan ya san Na-Sani, kuma duk wanda ya san shi ya taɓa jin hannunsa na ƙaiƙayin shaƙe shi. Ba iyayensa ne suka sa masa sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Kafin ka kai rabin magana ya tare ka: "Ai na sani." An ce ya taɓa zuwa asibiti, likita ya fara yi masa bayanin abin da ke damunsa, ya ce ai ya sani. Likitan ya miƙa masa biro ya ce to bismillah, rubuta wa kanka magani. Kuma wallahi ya karɓa ya rubuta.

Ya taɓa gyaran fanka, fankar ta koma zuƙar iska maimakon hurawa. Ya taɓa gyaran agogo, agogon bangon mai aski har yau da baya yake tafiya, in ka shiga aski da azahar sai ka fito da hantsi. Da sana'o'i suka ƙare masa sai ya tare a wurin yayarsa, wadda ke auren Mai Katifa. Aka ba shi ɗakin da ke saman shago, ɗaki mai taga biyu, iska ta shiga ta nan ta fita ta can, ba haya, ba tsegumin maƙwabci. A baki dai aikinsa ɗaukar katifa ne zuwa mota. A aikace kuwa tsayawa yake da hannu a ƙugu yana gaya wa 'yan dako inda za su sa ƙafa.

To, sai Mai Katifa ya fasa bango ya haɗe shagonsa da na kusa, ya tsayar da ranar buɗewa. Ga kuma wata mata da ke gina otal, tana neman katifun ɗakunanta kaf a hannu ɗaya. Ta ce za ta zo ranar, amma tana so ta fara ganin kayan a wayarta kamar yadda duniya ke yi yanzu. Irin cinikin nan ne da in ya faɗa, mutum ya miƙe ƙafa har shekara ta zagayo. Mai Katifa na zaune a bakin shago yana tambayar mai aski ko ya san wanda ya iya haɗa shafin intanet, sai ga murya daga tagar bene.

"Shafi? Shafi kawai? Haba Yallaɓai, ina cikin gidan nan da raina za ka je neman bare?"

Mai Katifa ya ɗaga kai. "Ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba, amma na sani."

Mai aski ya ce, "Agogona yana gaishe ka."

"Agogonka lafiyarsa ƙalau. Shagon aski ne, ta madubi aka ce ka duba shi. Ni ban iya gyaran mai agogo ba."

Yaya ta leƙo daga bayan tarin matasan kai. "Maigida, ka ba shi dama mana. Ƙanina ne, ƙwaƙwalwa gare shi, wurin ajiye ta ne bai samu ba."

Mai Katifa mutum ne mai nauyin jiki da nauyin baki. Ya shafa gashin bakinsa, ya ce, "To ji nan, Malam Na-Sani. Ranar buɗewa in shafin nan ya fito tsaf a gaban mutane, ɗakin sama naka ne har ka yi furfura. In kuwa ka ba ni kunya, kai ka sauko, katifa ta hau."

"Ka fara saya mini man furfura," in ji Na-Sani.

Ya kwashi kwamfutar shago ya haye da ita. Ya samo wani darasi na bidiyo mai kashi biyu. Malamin yana magana a tsanake, kamar mai lallashin jariri, don haka Na-Sani ya ƙara masa gudu har muryarsa ta koma ta ɓera. A kashi na farko ya ga yadda ake yanka shafi gida-gida, a sa hoto a wannan, rubutu a wancan, a shafa launi, a ba kowane gida faɗinsa da tsawonsa. Da kashin ya zo ƙarshe malamin ya ɗaga yatsa ya ce, "Kada ku tafi. A kashi na biyu ne za mu koyi yadda shafi ke miƙewa yana tsukewa da kansa, ya dace da kowace fuska, babba ko ƙarama. Wannan shi ne asalin..."

Ƙit, Na-Sani ya kashe shi. "Ai na sani. Maimaici ne."

Ya sauko ya ɗauki tef ɗin da ake auna katifa da shi, irin na ƙarfen nan mai komawa gida da kansa. Ya auna fuskar kwamfuta daga gefe zuwa gefe, ya kafe komai a kan wannan awon, kamar mai buga ƙusa. Hoton Mai Katifa ya sa a can sama, ya harɗe hannu yana murmushin masu shago biyu. Ƙasa da shi gadaje, kabad-kabad na kaya, sai katifu, kowace da rubutunta: "Sabuwa fil, ba a taɓa kwanciya a kanta ba." A gefe ya dasa wani jan maɓalli wanda in ka danna, oda ta tafi wayar 'yan dako kai tsaye.

Sai kuma ya ga ai katifa ba mutum a kai ba ta da armashi. Da rana, lokacin da ake rufe shago a tafi cin abinci, ya riƙa zare ledar katifun ɗaya bayan ɗaya, ya jingina waya a kan kujera, ya baje a kai daga shi sai singileti. A wannan ya yi rigingine, a waccan ya rungume matashi, a wata ya zauna da kofin shayi da burodi kamar mai hutun ƙarshen mako. A kan mafi tsadar kuwa, yana cikin ƙarasa burodin, barcin gaske ya kwashe shi, wayar ta yi ta ɗauka, baki buɗe, miyau na bin kumatu. In ya gama ya mayar da leda ya liƙe da salatif.

Yaya ce ta fara ganin hotunan. Ta dafe ƙirji. "Kai, ka kashe ni! Katifun da ake rantsuwa ba wanda ya taɓa? Goge su kafin maigidana ya gani!"

"Yaya, gwani ba ya goge aikinsa. Ɓoyewa yake." Ya rubuta wa shafin umarni ɗan layi ɗaya, hotunan suka ɓace ɓat. "Kin gani? Suna nan, amma ba sa nan. Wannan ilimi ne, ba za ki gane ba."

A kwamfuta kam abin ya yi kyau, ba ƙarya. Na-Sani ya tara 'yan layi a ɗakinsa, ya tsaya gefe yana karɓar jinjina da ka. Sai mai aski, da yake shi mutum ne mai neman magana, ya zaro wayarsa ya ce bari ya buɗe a nan ya gani.

Ya buɗe. Ya juya wayar, ya matso da ita, ya nesanta.

"Malam Na-Sani, wannan kogon fa? Kogo kuke sayarwa?"

Tela, wata 'yar gajeruwar mata mai shago a tsallake, ta leƙa. "Ba kogo ba ne, rijiya ce. Ga ciyawa nan a bakinta."

Yaya ta karɓa ta duba sau ɗaya ta miƙa masa. "Hancin maigidana ne. Ko a cikin dubu na gan shi na gane."

Ashe shafin ya ƙi rage ko ɗigo daga faɗin da aka kafa masa. Wayar ta zama kamar ramin makulli, abin da ya faɗo ta ramin shi kaɗai za ka gani.

"Ja zuwa dama," in ji Na-Sani, ko a jikinsa. "Sauran yana dama."

Mai aski ya ja. "Na iso kumatu." Ya ja. "Ga kunne." Ya ja, ya ja. "Na wuce kafaɗa. Na shiga wani farin fili, ba kowa, ba komai. In ci gaba ko in jira mota?"

"Maɓallin oda yana gaba kaɗan."

"Ka ce wa matata in ban dawo ba ta yafe mini."

Na-Sani ya fizge wayar. "Matsalar ba ta shafi ba ce, wayarka ce ƙarama. Mutum da girmansa yana yawo da waya kamar sabulun otal! Sayi babba."

Mai Katifa, wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana shafa hancinsa ba tare da ya sani ba, ya ce, "Wato duk mai son katifa sai ya fara sayen waya?"

"Yallaɓai, ai ci gaba kenan."

"Ina ganin katifa za ta ji daɗin iskar ɗakin nan."

Jin haka Na-Sani ya zauna ya matse komai. Ya ƙanƙance shafin gaba ɗaya har ya shige wayar mai aski. Sai rubutu ya koma kamar ƙafar tururuwa, Mai Katifa ya zama ƙwayar gero mai gashin baki. Tela ta sa tabaraun da take zura zare a allura da shi, ta karanta rabin layi, hawaye suka zubo mata. A kwamfuta kuma shafin ya maƙale can a kusurwa kamar kan sarki a jikin ambulan.

A nan ne babbar dabara ta sauko masa. Ya miƙe tsaye, ya buga tebur.

"Na gano! Ke tela, riga ɗaya kike ɗinka wa duk duniya? Ai kowa da awonsa. To haka waya. Kowace waya zan ɗinka mata shafinta!"

Tela ta ce, "Ni in na ga jikin mutum ba ya zama wuri ɗaya, roba nake sa masa a ƙugu in huta."

"Roba aikin ragwaye ne. Ni awo nake yi."

Washegari ya fito da tebur bakin shago, da tef, da babban baho. Ya sa aka yi shela: duk mai waya a layin nan ya kawo a auna. Mutane suka yi layi kamar masu karɓar allura. Ya auna ta mai aski, ta tela, ta mai wanki, ta direban da ke kai kaya, ta tsohon da ke gadin ma'ajiya wanda ko intanet babu a tasa. Kowace waya sai ya rubuta mata doka ta kanta: in faɗin fuska ya zama daidai kaza, ba ƙari ba ragi, to a jera kaya haka, a rage hoton Yallaɓai haka, a ɓoye hotunan nan da aka sani. Tsohon umarnin ɓoye su kuwa ya goge shi, wai yanzu kowace doka za ta yi da kanta. In bai zauna ba ya yi ta canza lamba har ya zauna. Wayoyi suka yini a baho suna ringi, shi ke amsawa. Surukar mai aski ta kira za ta ba da saƙo, ya ce mata ai ya sani, ya kashe.

Abin mamaki, sai ga shafi yana fitowa tsaf a kowace wayar da ta bi ta baho. Na-Sani ya fara tafiya yana buɗa hannuwa kamar mai ƙurji a hammata.

Murnar ba ta yi nisa ba. Mai aski ya kishingiɗa a bencinsa yana kallon gadaje, wayar ta karkata, fuskar ta juya a kwance. Faɗi ya canza, babu dokar da ta san wannan faɗin, sai shafin ya tuɓe tsirara. Ya ƙwala kira.

"Malam Na-Sani! Zo ka ga wata ƙafa a kan katifa! Ƙafa ce da kaushi, kuma kamar na san ta!"

Na-Sani ya tsallako titi ko takalmi babu, ya warce wayar ya miƙar da ita tsaye. Ƙafa ta ɓace. "Wa ya ce ka kwantar da ita? Waya a tsaye aka ƙera ta! Kai in aka kwantar da kai kana aski daidai?"

Kafin yamma ya manna sanarwa a bangon shago: AN HANA KARKATA WAYA. Bai tsaya nan ba. Ya samo zare a wurin tela da notuna a wurin bakanike, ya ɗaura wa kowace waya noti yana reto a ƙasa, wai don mai ita ya riƙa ganin ko ta miƙe. Sai ga 'yan layi suna tafiya a hankali, waya tsaye a gaban fuska, noti na lilo, kamar masu ɗauke da kyandir a cikin iska. Baƙi suka riƙa tsayawa suna tambaya ko wani abu ake nema a ƙasa.

Baƙin ma ba su tsira ba. Duk wanda ya ratso layin da wayar da ba a auna ba, Na-Sani zai bi shi da tef. Wani bawan Allah ya zata ƙwace ne, ya zura da gudu, Na-Sani na bayansa yana ihu, "Faɗinta kawai nake so!" Ya je wurin mai sayar da wayoyi ya roƙe shi ya dakatar da kawo sababbi har a buɗe shago. Mai wayoyi ya tambaye shi ko ya sha maganinsa yau.

Tela ce ta fi kowa shan wahala. Tata wayar 'yar mitsitsiya ce, kuma a wurin ɗinka mata shafi Na-Sani ya manta bai rage jan maɓallin oda ba. Maɓallin ya cinye fuskar gaba ɗaya, kuma a kan kabad ya tsaya. Ta taɓa don ta rufe, oda ta tafi. Ta taɓa don ta koma baya, oda ta tafi. Ta jefa wayar cikin jaka, almakashi ya dogare ta. 'Yan dako kuwa, da yake Na-Sani ya riga ya gargaɗe su cewa na'ura ba ta kuskure, ba su tambayi kowa ba. Suka yi ta tsallaka titi da kabad. Suka jera a bakin shagonta, suka jera a ƙofa, suka toshe taga. Can sai aka ji murya daga bayan katako.

"Jama'a! Wa ya kashe rana?"

Sai da aka sa tsani aka fito da ita ta sama, tef ɗinta a wuya, ɗankwali a hannu. Ta nufi Na-Sani kai tsaye.

"Kai ɗan nan, ko atishawa na yi kabad ke zuwa! Ni kayan sawa nawa gare ni?"

"Baba tela, ai wannan shaida ce maɓallin yana aiki."

"Zo in gwada maka almakashina ma yana aiki!"

Yaya ce ta shiga tsakani, aka kwashe kabad-kabad aka mayar, Mai Katifa na tsaye yana duban tagar bene, yana auna ta da ido.

Amma Na-Sani ya san inda maganar take. Ya wanke ƙafa ya tafi har wurin ginin otal, ya sami Mai Otal tana duba fenti, mace doguwa mai farin mayafi, irin masu shafa yatsa a kan tebur su duba ƙura. Ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, ni ne injiniyan shafi. Na zo auna wayarki."

"Auna ta? Ciwo take?"

"Tsarinmu ne. Manyan baƙi shafi na musamman muke ɗinka musu."

Abin ya burge ta. Ta miƙa masa da yatsu biyu, ya auna, ya koma ya ɗinka mata nata a tsanake, ya aika mata da gargaɗin kada ta kwantar da wayar saboda martabarta. Ta buɗe, ta ga katifu farare tas a jere, kowace da shaidar ba a taɓa kwanciya a kanta ba. Ta kira Mai Katifa ta ce ta zaɓi mafi tsadar, ranar buɗewa za ta zo da motoci. A ranar Mai Katifa har "ƙanina" ya kira Na-Sani. Na-Sani kuwa ya hau sama ya fara tunanin launin labulen da zai sa.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗaura lasifika. 'Yan layi suka zo da wayoyinsu da notunansu. Mai Otal ta zauna a gaba, ta shimfiɗa hankici kafin ta zauna. A jikin bango akwai wani ƙaton abu da aka lulluɓe da zane, Na-Sani ya ɗauka allon sunan shago ne. Ba wanda ya ba shi lasifika, shi ya ɗauka.

"Jama'a, wasu sai sun yi shekaru a makaranta. Ni rabin darasi na kalla, rabin ma da gudu. Yau babu wayar da ke layin nan da ban san faɗinta ba. Ku tambaye ni ta kowa!"

Mai Katifa ya karɓe lasifikar da murmushi. "To, saboda kada kowa ya wahala da leƙen 'yar waya, na yi muku tanadi." Ya ja zanen.

Talabijin ce. Ba talabijin ba, bango ne mai wuta. Tun da Na-Sani yake bai taɓa ganin fuska mai wannan faɗin ba. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa ya zaro tef.

"Yallaɓai, ɗan dakata in gaisa da ita."

"Zauna, ƙanina, yau ranar hutunka ce. An riga an haɗa ta da kwamfutar shago. Mai aski, kai ka iya ja, zo ka ja mana."

Aka kunna. Shafin ya duba dokokinsa kaf, ta mai wanki, ta direba, ta tsohon mai gadi, bai ga mai wannan faɗin ba. Sai ya watsar da komai ya fito yadda aka haife shi.

Hancin ne ya fara bayyana, wannan karon kamar ƙofar gareji. Wata yarinya a cinyar uwarta ta fashe da kuka. Mai aski ya ja ƙasa, gashin baki ya wuce kamar tsintsiya, sai ga rubutu a ƙarƙashin haɓar Mai Katifa. Rubutun gado ne ya zamo daga gidansa ya maƙale a nan, baƙaƙe manya: "Mai ƙafa huɗu. Yana ɗaukar nauyi ba ya ƙara. Ana iya naɗe shi a jingine a bango."

Rumfa ta kwashe da dariya. Tela ta faɗo daga kujera. Yaya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, wai tari take.

"Ja!" in ji Mai Katifa. "Wuce nan!"

"Kada ka ja!" in ji Na-Sani.

Mai aski ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya tuna agogonsa, ya ja.

Ƙafa ce ta fara shigowa, da kaushinta. Sai singileti. Sai Na-Sani ɗungurungum, ya fi mota girma, ya yi rigingine a kan katifa. A ƙasa: "Sabuwa fil, ba a taɓa kwanciya a kanta ba." Aka ja. Ga shi rungume da matashi, ido a lumshe. "Sabuwa fil." Aka ja. Ga shi da shayi da burodi, yana ɗaga wa jama'a kofi. "Sabuwa fil." Mai aski ya daina gaggawa, ya koma ja a hankali kamar mai aske jariri. Daga ƙarshe aka iso kan mafi tsadar: baki buɗe, miyau ya yi hanya daga kumatu zuwa katifa, kowane ɗigo kamar kwano.

Mai Otal ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. "Wannan ita ce wadda na zaɓa?"

Na-Sani ya sha gabanta. "Ranki ya daɗe, gwajin inganci ne. Kin ga yadda barcin ya yi nauyi? Wace shaida ta fi wannan?"

Ta ratse shi ta shiga shago, jama'a na biye. Ta sa farce ta ɗaga ledar katifar, salatif ya saki ba gardama. Ɓurɓushin burodi ya zubo. Ta ƙara ɗagawa, ta zaro wani abu da yatsu biyu ta ɗaga sama. Safa ce, ƙafa ɗaya.

"Lah," in ji Na-Sani, "ashe nan take."

Da ya ga ido ya yi masa yawa sai ya ruga waje. "Ku tsaya! Ba laifin shafi ba ne, talabijin ce ta yi faɗi da yawa! Yanzu zan rage ta!" Ya ɗauki zanen da aka yaye, ya hau kujera, ya shiga rufe fuskar talabijin ta dama da hagu, wai sai ta dawo daidai da wayar mai aski. Ya rufe, ya rufe, ya bar 'yar taga a tsakiya. Abin da ya rage a tagar shi ne buɗaɗɗen bakinsa da miyau. Ya ja tef zai auna tagar, tef ya kuɓuce ya koma gida da gudu, ya tsaya a kan hancinsa tau! Kujera ta goce. Ya faɗo a kan jakar tela.

Daga cikin jakar aka ji 'yar ƙarar oda. 'Yan dako suka dubi wayarsu, suka dubi juna, suka sunkuci kabad suka nufi tsallake.

"Ku ajiye shi!" Tela ta bi su da gudu. "Ku ajiye, ko in ɗinke ku a ciki!"

Mai Otal ta saki safar a hannun Mai Katifa, ta goge yatsunta da hankici, ta bar masa hankicin ma. Motocin da ta zo da su suka juya babu ko matashi.

Kafin rana ta faɗi katifun da aka yi wa gwajin inganci sun haye ɗakin sama, suna shan iska ta taga biyu. Kayan Na-Sani kuma suka sauko a cikin bahon nan na wayoyi. Mai Katifa ya so ya nuna masa titi, Yaya ta yi ta ba da haƙuri har ya yarda a ba shi lungun ƙarƙashin matakala, inda ake ajiye tsintsiya.

Na-Sani ya leƙa lungun, hanci a kumbure. Ya zaro tef ya auna lungu, ya auna kansa. Lungun bai kai shi ba.

"Yallaɓai, wurin nan ya yi ƙarami. Sai a matsar da bango."

"Ka lanƙwashe."

"Ni ba na lanƙwasa. Awona tsayayye ne."

Yaya ta ce, "Ɗan'uwa, don Allah ka kalli kashi na biyun nan ko ka huta."

"Yaya, ai na sani."

Haka ya kwanta a miƙe samɓal, kai da ƙirji a cikin lungu, daga gwiwa zuwa ƙasa a kan hanyar wucewa. Da safe mai aski ya shigo gaishe da Mai Katifa, ya yi tuntuɓe da wasu ƙafafu masu kaushi, ɗaya da safa ɗaya babu. Ya tsaya ya ƙare musu kallo.

"Malam Na-Sani, ƙafa kawai nake gani. Ina sauranka?"

Murya ta fito daga cikin lungu, ko alamar kunya babu. "Idonka ne ƙarami. Ja zuwa dama."

Mai aski kuwa bai yi gardama ba. Ya naɗe hannun riga, ya kama ƙafafun, ya ja.